Ƙera Manhaja a Ƙaramin Kamfani: Inda Aikin Yake Cin Ƙarfi

Mai shago ko mai makaranta idan ya zo a ƙera masa manhaja, abin da yake hangowa shi ne mutum zaune gaban kwamfuta yana ta buga haruffa. Wannan ɓangaren shi ne mai sauƙi. A ƙaramin kamfani irin namu, ƙarfin ma'aikata yana ƙarewa ne wajen sa manhajar ta jure inda za a kai ta: wayar Itel ko Tecno mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, sabis da yake zuwa yana ɗaukewa, da jama'ar da kowa yake rubuta Hausa yadda ya saba.

Shi ya sa manhajar ciniki muke gina ta ta yi aiki ko babu intanet. Duk abin da aka sayar sai a fara ajiye shi a cikin wayar, a ƙaramin rumbun bayanai na SQLite, idan sabis ya dawo a tura shi babban rumbu. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Yaron shago ya danna "ajiye", ya ga shiru, ya sake dannawa, sai ciniki ɗaya ya shiga sau biyu, da yamma lissafi ya ƙi fita a fara zargin juna. Maganinsa shi ne kowane ciniki a ba shi lambar shaida tasa tun daga wayar, idan rumbu ya ga lambar da ya taɓa karɓa ya ƙi ta. Agogon waya ma ba abin dogaro ba ne, wata wayar da batirinta ya mutu sai kwanan watanta ya koma baya. Kwamfutocin da ake haya a ƙasashen waje don ajiye babban rumbu kuma galibi suna kan agogon GMT, wanda namu ya riga shi da awa ɗaya, don haka cinikin sha biyu da rabi na dare zai faɗa a lissafin jiya in ba a gyara ba.

Kuɗi kuwa a kwabo ake ajiye su, ba a naira mai ɗigo ba. Naira 1,500 sai a rubuta 150000. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai, idan aka ce ta haɗa 0.1 da 0.2 takan ba da amsa mai 'yar jela a ƙarshe, kuma jelar nan taruwa take yi. Paystack ma, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a kwabo yake karɓar adadi. Sannan manhaja ba ta yarda an biya don an nuna hoton alat. Sai kamfanin biyan kuɗin da kansa ya tabbatar wa rumbunmu.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da tasu rigimar. Idan aka kafa rumbun bayanai na MySQL a kan tsohon tsarin haruffa na latin1, suna kamar Ɗanladi zai fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, kuma abin da ya lalace a haka ba ya dawowa, sai an sake shigar da shi da hannu. Tun ranar farko a sa tsarin utf8mb4, wanda ya san haruffan nan. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ guda ɗaya ko alamar ₦ ta shiga ciki, sai ya koma 70. Makarantar da ke tura wa iyaye 600 sanarwar kuɗin makaranta za ta tarar kuɗin tes ya ninka biyu ko uku ba ta san dalili ba. Ƙananan na'urorin buga rasit da yawa su ma ba su san haruffan nan ba, a gwada kafin a saya. Wurin bincike ma haka: wani zai rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa. Mukan ajiye sunan yadda aka rubuta shi, mu ajiye wani kwafi da aka cire wa lanƙwasa don bincike kawai. Ban yarda da masu cewa a jefar da lanƙwasar baki ɗaya a huta ba, domin baki daban, baƙi daban, kuma mutum yana da haƙƙin ganin sunansa a rubuce daidai.

Idan manhajar tana da wurin da jama'a ke tofa albarkacin bakinsu, kamar ta ƙungiya ko ta saye da sayarwa, to an buɗe wani aikin da ba ya ƙarewa. Abin da ake fara tunani shi ne a jera kalmomin zagi a ce kwamfuta ta toshe su. A Hausa wannan ba ya kai ko'ina. Ka toshe "gindi", ka hana mutum cewa yana gindin bishiya. Akwai kalmar batsa da harufanta suka zo ɗaya da sunan ƙabilar Bura ta ƙasar Biu, ka toshe ta ka toshe al'umma guda. "Shege" tsakanin abokai yabo ne. Shi kuwa wanda ya iya habaici da gugar zana zai ci mutuncin mutum tas ba tare da ya furta kalma ɗaya da ke cikin jerin ba. Saƙon murya kuma sai an saurara.

Abin da kwamfuta ta iya kamawa shi ne damfara, saboda tana da kamanni. Sabon asusu ne, da saƙo iri ɗaya da ake ta maimaitawa, da mahaɗin "kyautar data" ko "tallafin gwamnati" da ke neman BVN ko NIN, ko lambar asusun banki mai lamba goma. Don haka sabon shiga ba ma barinsa ya sa mahaɗi sai ya kwana biyu, kuma saƙon da mutum uku suka kai ƙara a kansa ana ɓoye shi har mai kula ya duba. Ba a gogewa kai tsaye, domin mutum uku suna iya haɗa baki a kan wanda suke adawa da shi, musamman a maganar addini ko siyasa. Mai kula dole ya zama ya ji Hausa har ƙashi, ya san wasan Fulani da Barebari, kada ya ɗauki tsokana a matsayin ƙiyayya. Duk abin da ya cire a rubuta wanda ya cire, da lokacin, da dalili, a kuma bar wa wanda aka cire wa hanyar kawo kuka. Kada a bar mutum ɗaya yana karanta zagi tun safe har dare, a riƙa karɓa-karɓa, abin yana cin rai. Lambobin waya da sunayen jama'a kuwa amana ne, tun 2023 ma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, don haka abin da aikin bai buƙata ba kada a tambaya.

Batun ciniki gajere ne. A rubuta abin da manhajar za ta yi a takarda, a karɓi rabin kuɗi kafin a fara, a gaya wa mai aiki tun farko cewa hayar rumbu da sunan shafi duk shekara ake sabuntawa, wasu ma da dala ake biya. Sunan shafin a yi rajistarsa da sunan mai shi, ba da na kamfaninmu ba. Kwafin bayanai kullum da dare ake ɗauka a ajiye a wani wuri dabam, kuma sau ɗaya a wata a ɗauko kwafin a zuba shi a wata kwamfuta a ga ko yana buɗewa.