Tashi da jirage marasa matuƙi a sahu: abin da muka gani a gonakin Kadawa

Jirage uku masu farfela huɗu muka yi aiki da su wajen ɗaukar hoton gonakin shinkafa a Kadawa ta jihar Kano. Kowanne na ɗauke da Pixhawk, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa jirgin, mai manhajar ArduPilot, da GPS, da rediyon da ke aika saƙon MAVLink, tsarin saƙon da jirage da kwamfutar ƙasa ke magana da shi. Kafin komai sai an ba kowane jirgi lambarsa daban, 1, 2, 3, in ba haka ba Mission Planner, manhajar da ake lura da su daga ƙasa, zai cakuɗa su.

Da tsarin jagora da mabiya muka fara, don shi ya fi sauƙi: jagora na shelar inda yake, mabiyi na riƙe tazarar da aka yanka masa. Wahalar tana wurin jinkirin saƙo. Jirgin da ke gudun mita 5 a daƙiƙa, in saƙonsa ya makara da rabin daƙiƙa, ya riga ya wuce da mita 2.5. GPS na gama-gari kuma kan kauce da mita 2 zuwa 3 a kowane jirgi. Da muka haɗa lissafin, mita 10 muka tsayar a matsayin tazara mafi ƙanƙanta. Mai son matse su fiye da haka sai ya nemi RTK, GPS mai samun gyara daga tashar ƙasa, wanda kuskurensa santimita kaɗan ne.

Kada a jera su kamar ayari, na uku yana bin na biyu. Tangaɗin na gaba ƙaruwa yake a jikin na baya. Kowa ya saurari jagora kai tsaye.

A kwana ne sahu ke watsewa. In tazarar tana bin inda hancin jagora ya fuskanta, da ya juya digiri 90 a wuri ɗaya, mabiyin da ke mita 10 sai ya zagaya kusan mita 16 cikin gaggawa, wani lokaci ya ratsa ta gaban ɗan'uwansa. Sai muka ɗaure tazarar da arewa da gabas, sahun ya riƙa tafiya ba ya juyawa. Daga baya muka koma ba kowa hanyarsa da lokacinsa, duk suna bin ɗigo ɗaya na lissafi a maimakon jirgin jagora. A ganina wannan ya fi wa aikin gona, don ko jirgi ɗaya ya sauka saura ba sa ruɗewa.

Tsayi ma mun bambanta shi da mita 3, amma ba a barin wani ya shiga ƙarƙashin wani, iskar farfela na dankwafar da na ƙasa. Tsayin komawa gida, wato wanda jirgi ke hawa in zai koma inda ya tashi da kansa, shi ma daban: mita 20, 30, 40, saboda in rediyo ya yanke duk tare za su juyo.

Da sassafe muke tashi, kafin iskar hunturu ta taso, batir kuma a inuwa yake jira. Shawagi irin wannan yana buƙatar izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sannan mukan sanar da mai gari da masu gonakin tun ana gobe.