Yadda katin rigakafi ya kusa hana mu shiga Maldives

Shekara goma sha biyu da aurenmu, Maman Ummi ba ta taɓa hawa jirgin sama ba. Iyakar fitarta waje Maraɗi ce, biki, a mota. Na daɗe da yi mata alkawarin zan kai ta ta ga teku da idonta, kuma da Allah ya hore a farkon 2025 sai na zaɓi Maldives, tsibiran nan kusan 1,200 da ke kudu maso yammacin Indiya. Dalilina biyu ne. Ƙasar Musulmi ce tun 1153, ba za mu sha wahalar abinci ko wurin salla ba. Sannan duk wanda na tambaya cewa yake yi ba a neman biza daga gida, can filin jirgi ake buga maka ta kwana 30 kyauta.

Maganar gaskiya ce, amma rabinta na ji. Da na ji "ba biza" sai na saki jiki, na ɗauka fasfo da tikiti sun wadatar. Ashe abin da ake nufi shi ne duk tambayoyin da ofishin jakadanci zai yi maka kana garinku, an tara su ne za a yi maka a tsaye gaban jami'i, bayan ka kashe kuɗin jirgi ka ƙetare rabin duniya. Wanda aka hana biza a Abuja motar gida zai hau. Wanda aka hana a can, jirgin da ya kawo shi ne zai mayar da shi.

Saura kwana takwas mu tashi, yayan matata ya zo mana sallama. Mutum ne mai yawan zuwa umara, ya san kan tafiya. Muna shan shayi ya ce, "Baban Ummi, ina yalo kad ɗinku?" Katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara yake nufi. Na ce nawa yana nan tun aikin hajjin 2019. Ya ce, "Na ƙanwata fa?" Muka kalli juna ni da ita. Ba ta da shi, ba ta ma taɓa ganin irinsa ba.

Washegari da sassafe muka biya kuɗin ta intanet, muka nufi ofishin lafiya na masu shige da fice da ke filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar ba ta ɗauki minti biyu ba. Ma'aikaciyar na cikin cike katin, ɗan ƙaramin littafi mai ruwan ɗorawa, sai ta tambayi ranar tafiya. Da na faɗa mata ta ajiye biro ta ce, "Alhaji, wannan katin ba ya fara aiki sai allura ta cika kwana goma. Ku kwana bakwai ya rage muku." Na ce ko da lallashi ba za su bari ba? Ta girgiza kai, ta nuna min gurbin da ake rubuta ranar da katin zai fara aiki. Kowane jami'i a duniya wannan gurbin yake dubawa.

Daga baya na fahimci dalilin tsananin. Najeriya na cikin ƙasashen da ake samun zazzaɓin shawara, haka Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Sauron da ke yaɗa cutar akwai shi a Maldives, shi ne ma ke kawo musu zazzaɓin denge, amma ita shawarar ba ta yaɗu a Asiya ba. Mutum ɗaya mai ɗauke da ita a jini zai iya zama musu masifa, ga su 'yan ƙalilan, ga tattalin arzikinsu ya rataya a kan baƙi. Kwana goman kuwa lokacin da jiki ke buƙata ne ya gina kariya. Abin daɗin shi ne tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da allurar sau ɗaya tak a rayuwa, ba sai an sabunta bayan shekara goma ba kamar da. Shi ya sa nawa na hajji ya wuce ba tare da matsala ba.

A daren nan wani da aka haɗa ni da shi ta waya ya ce in turo kuɗi, zai samo mana kati mai tsohon kwanan wata. Ba zan ɓoye ba, na yi shiru ina lissafi, domin canza ranar tikiti biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Maman Ummi ce ta yanke maganar. Ta ce, "Baban Ummi, tafiyata ta farko ba zan fara ta da takardar ƙarya ba. In an kama mu a ƙasar mutane, wa muka sani?" Na ji kunyar shirun da na yi. Katin Najeriya na yanzu ma yana da lambar da ake haskawa da waya a ga bayanin mai shi, kuma irin waɗannan katunan jabu ne suka sa ake yi wa mai koren fasfo kallon tuhuma ko ina ya je. Muka ɗaga tafiyar da kwana biyar. Na biya tarar canjin tikiti, mai masaukin kuma ya yi mana kirki ya matsar da ranakun bai ƙara ko sisi ba.

Bayan wannan ban sake yarda da "an ce" ba. Na shiga shafin hukumar shige da ficen Maldives da kaina na karanta sharuɗɗan. Suna son fasfo mai aiki, tikitin komawa, shaidar ka biya masauki a wurin da gwamnati ta yi wa rajista, da kuɗin da zai riƙe ka. Su wata ɗaya suka rubuta a matsayin mafi ƙarancin kwanakin da za su rage wa fasfo, amma shawarata kada ka tashi da wanda bai kai wata shida ba, saboda ba kai tsaye za ka je ba, kuma ba ka san abin da zai tsayar da kai a hanya ba.

Sai fom ɗin da suke kira IMUGA, wanda kowane matafiyi zai cike ta intanet cikin awa 96 kafin isarsa. Kyauta ne. Na nanata, kyauta ne, domin shafin farko da ya fito min da na bincika, mai tuta da tambari kamar na gwamnati, sai da na kai ƙarshe ya nemi lambar katin banki. A nan na farga na rufe shi. Na gaskiyan adireshinsa yana ƙarewa da gov.mv. Ana ɗora hoton fuska da bayanan fasfo da lambar jirgi da sunan masauki, a ƙarshe ya ba ka lamba mai ɗigo-ɗigo. Kowa da nasa, ba a haɗa miji da mata a fom ɗaya. Na buga namu a takarda, na kuma ajiye hotonsu a wayoyinmu biyu. A kula da agogo wajen ƙirga awannin, suna gabanmu da awa huɗu.

Wajen haɗa kaya muka fi daɗewa. Ba a shiga ƙasar da giya, ko naman alade, ko gumakan bauta, ko hotunan batsa, kuma tun Nuwamban 2024 sun hana shigo da sigarin lantarki. Waɗannan ba su shafe mu ba. Abin da ya shafe mu kayanmu ne na gida. Maman Ummi ta jera yaji a leda, da garin maganin basir da innarta ta ba ta, da humra kwalba biyu, da turaren wuta. Na ɗauki ƙullin maganin na juya shi: gari ne ruwan ƙasa, ba suna, ba rubutu. Na ce mata ta yi tunanin jami'in da bai taɓa jin sunan Kano ba yana riƙe da wannan, a ƙasar da ba ta wasa da batun ƙwaya. Ta mayar da shi cikin kwaba ba musu. Kilishin da na saya ma na bar wa yara. Maganin hawan jinina kuwa na tafi da shi a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, haka dokar kwastan ɗinsu ta tanada.

Tun a Kano, kafin a ba mu takardar shiga jirgi, aka nemi katunan rigakafin, aka duba kwanan wata da yatsa. Da mun zo ranar farko, a nan tafiyar za ta ƙare. Mun yada zango a Doha, kuma tunda ba mu fita daga filin jirgin ba, ba mu buƙaci bizar Katar ba. Daga can kusan awa biyar ne zuwa filin jirgin Velana, wanda ke kan tsibirin Hulhule, dab da Male babban birni. Lokacin da jirgi ya fara sauka, Maman Ummi ta manna goshi a taga tana kallon ƙananan tsibirai kamar an watsa tsaba a kan shuɗin mayafi, tana ta salati a hankali.

Turawan da ke gabanmu a layi minti ɗaya-ɗaya suka yi. Mu an tsayar da mu ya kai minti goma sha biyar. Jami'in, saurayi ne mai ɗan gemu, ya amsa sallamata cikakkiya, sannan ya fara: kwana nawa za ku yi, ina za ku sauka, me kake sana'a, nawa ke hannunka. Ya karɓi takardar masaukin ya duba sunan a kwamfuta. Ya buɗe katin Maman Ummi ya daɗe a kan gurbin nan, ina ganin leɓensa na motsi yana ƙirga kwanaki. Goma sha biyu. Ya ɗauki hatimi ya buga. Ban ji haushin tambayoyin ba, bai ɗaga murya ba, bai wulaƙanta mu ba, kuma duk abin da ya nema yana cikin jakar leda guda da na riƙe a ƙirjina tun daga gida.

A wurin kwastan ana saka kowace jaka a na'ura. Tata ce aka ware, saboda kwalaben humra. Wata jami'a mai ɗankwali ta buɗe ɗaya, ta kai hanci, ta ɗan lumshe ido, ta tambaya ko turare ne. Maman Ummi ba ta jin Turanci sosai, sai kawai ta ɗiga mata a bayan hannu. Matar ta yi murmushi, ta rufe jakar da kanta.

Maafushi muka sauka, tsibiri ne na mutanen gari da ke kudu da Male, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a kwalekwale mai inji. Sai daga 2009 aka ba mazauna irin waɗannan tsibirai damar buɗe masaukin baƙi, kuma shi ya sa irinmu ke iya zuwa, domin manyan otal-otal masu tsibiri nasu na kansu sun fi ƙarfin aljihuna. Wanda zai je nesa ya sani jiragen da ke sauka kan ruwa da rana kawai suke tashi, jirgin ruwan gwamnati kuma ba ya aiki ranar Juma'a, don haka a daidaita ranar isa da wannan. Akwai kuma harajin muhalli da ake caji kan kowane baƙo a kowane dare, ka tambaya ko yana cikin kuɗin da ka biya.

Kwana shida muka yi. Kullum bayan asuba Maman Ummi kan fita bakin ruwa ta tsinto 'yan kwansaye da gutsattsarin murjani farare, tana tarawa a hankici don Ummi da ƙannenta. Daren da za mu taho mai masaukin ya gan su a kan tebur, ya ce a hankali cewa doka ta hana fita da murjani daga ƙasar, kuma ana duba kaya a filin jirgi. Da gari ya waye ta ɗauki hankicin muka tafi tare. Ta shimfiɗa shi a kan yashi, ta ɗauki hotonsu da waya don ta nuna wa yara, sannan ta tattare zaninta, ta shiga ruwa zuwa idon sawu ta zazzage su.