Na koma insulin na bayosimila, amma biron ne ya fi ba ni aiki

Duk mai ciwon suga da ya daɗe yana allurar insulin iri ɗaya ya san yadda gaba ke faɗuwa in aka miƙo maka kwali mai wani kala daban aka ce ai duk ɗaya ne. Ni glargine nake yi, wanda ake yi sau ɗaya a rana yana aiki kusan awa 24, na yi shekaru a kan na asali, sai likita ya ce mun za a mayar da ni kan bayosimila ɗinsa, wato makamancinsa da wani kamfani daban ya yi, tunda shi ake kawowa yanzu kuma ya fi sauƙin kuɗi. Gaskiya ban so ba, a raina cewa nake anya wannan zai riƙe mun suga har asuba kuwa.

Abin da ya ɗan kwantar mun da hankali shi ne da na gane yadda ake yin insulin ɗin tun farko. Ba kaman ƙwayar magani ba ce da ake haɗa sinadarai a buga, furotin ne, ƙananan halittu masu rai ake sawa su samar da shi, wasu kamfanonin da bakteriya E. coli suke yi wasu kuma da yis, shi ya sa in wani kamfani zai yi nasa dole sai ya je gaban hukumomin magani ya nuna musu da gwaji a jikin mutane cewa nasa yana sauke suga kaman na asalin kuma bai fi shi illa ba. Lantus na Sanofi, wato glargine na asalin, tun 2000 aka amince da shi, a 2014 Turai ta amince da bayosimila ɗinsa Abasaglar na Eli Lilly, sannan a 2021 hukumar FDA ta Amurka ta ce Semglee, wanda Biocon na Indiya ke yi, ana iya musanya shi da Lantus a famasi kai tsaye. A shekarar ne ma hukumar lafiya ta duniya WHO ta sa insulin masu dogon aiki da bayosimila ɗinsu cikin jerin muhimman magunguna, kuma yanzu masu yin glargine sun yi yawa. In ka tuna kamfanoni uku ne kawai, Novo Nordisk da Lilly da Sanofi, ke riƙe da sama da kashi 90 na kasuwar insulin ta duniya, ai ka ga shigowar wasu alheri ne gare mu.

Canjin kansa ba wani labari. Yunit ɗina na da shi aka bar mun tunda duka biyun yunit 100 ne a kowane ml, likita dai ya ce in ƙara yawan gwaji a makonnin farko musamman na safe kafin in sa komai a baki da na kafin barci. Lambobin suka zauna inda na san su. Ɗan raɗaɗin nan da ake ji wajen allurar yana nan, dama halin glargine ne saboda ruwansa mai ɗan tsami ne. Abu ɗaya dan Allah a kula, akwai glargine mai yunit 300 a ml, Toujeo, wannan lissafinsa daban ne, kar wani ya musanya maka shi da mai 100 ba tare da likita ya sake duba adadinka ba.

Toh biro fa, wato abin yin allurar mai kama da biro wanda insulin ɗin ke ciki. Nan ne aikin yake, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya nuna mun, kawai aka ɗauka tunda na daɗe ina yi ai na iya. Alhali hannu ya saba da wancan, ya san nauyin madanninsa ya san ƙarar da yake yi in ana murɗa yunit, sabon kuwa madannin ya fi tauri, sai ka danna da babban yatsa sosai har lambar ta dawo sifili, in ka saki a hanya ka yi rabin allura ne ba ka sani ba. Na yi ta tunanin tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi ko waɗanda sugan ya taɓa musu ido, su da ƙidayar ƙas-ƙas ɗin suke gane yunit nawa suka murɗa, a canja musu biro a sallame su haka nan wallahi ba adalci ba ne. Hatta daƙiƙun da ake jira kafin a zare allura ba ɗaya ba ne, wani biron takardarsa ta ce 5 wani ta ce 10, ni dai 10 nake ƙirgawa ko da wanne.

Ana cikin haka sai sugan safe ya fara hawa, ban canja komai ba, ba zazzaɓi ba rashin barci, kullum sai na ga ya ɗara na jiya. Kowa na gaya wa sai ya ce ai dama, mai arahar nan ne. Da na je wajen nas ɗin da ke kula da mu ba ta ko kalli sunan maganin ba, cewa ta yi "Malam, kawo biron in gani." Ta sa sabuwar allura ta murɗa yunit 2 ta ɗaga sama ta danna, ɗigo ya ɗan leƙo da ƙyar, ta sake, shiru. Lambar tana komawa sifili lafiya lau amma sandar da ke tura ruwan daga ciki ba ta tafiya yadda ya kamata, wato wani lokacin ya ba ka wani lokacin ya hana, kuma irin wannan ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya haɗari saboda gwajin yunit 2 ɗin kan iya wucewa yau gobe ya ƙi. Aka buɗe wani biron daga kwalin nan dai, magani ɗaya kamfani ɗaya, suga ya koma mazauninsa. Da na biye wa mutane da na koma na asali ina zagin bayosimila har yau, alhali roba ce ta cije.

Ita ce ta koya mun lissafin da yanzu ba na wasa da shi. Biro ɗaya ml 3 ne, yunit 300 kenan. In kana yin 20 a rana ga 2 na gwaji, 22, ya kamata ya ƙare maka a kwana 13 da ɗan wani abu. In ka ga ya wuce haka sosai kuma da sauran ruwa, ba albarka ya yi ba, wani abu ne bai shiga jikinka ba. Shi ya sa nake rubuta ranar da na buɗe a jikin biron, kuma ranar tana da wani amfanin, tunda glargine da aka fara amfani da shi kwana 28 gare shi a zafin da bai wuce digiri 30 ba, bayan nan a yar ko da saura. Wanda ba a buɗe ba yana firij tsakanin digiri 2 da 8, in ya taɓa ƙanƙara ya tashi aiki ko da ya narke, kuma glargine garau yake kaman ruwa, in ka ga ya yi hazo ko da ɗan gudaji kar ka yi.

Ta kuma ce mun yawancin biron da ake kawo mata ana cewa ya lalace lafiyarsa ƙalau, allura ce. Wanda ya maimaita allura ɗaya har ta toshe, ko ya bar ta a jikin biro bayan ya gama iska ta shiga ruwa ya zuba, ko yana ta caka wuri ɗaya har ya yi ƙulu, kuma insulin a cikin ƙulun nan ba ya shiga jini daidai, yau ya yi jinkiri gobe ya zo gaba ɗaya. Masu biron da ake canja wa kwalba a ciki kuma, kwalbar wani kamfani ba a cusa ta a biron wani ko da ta shiga.

In ka yi allura kana shakkar ta shiga, kar ka ce bari in ƙara wata cikakkiya, mai dogon aiki ce in ta ninku za ka wuni ka kwana kana fama da faɗuwar suga ƙasa da 70, gara ka yi ta gwaji ka kira likitanka. Biron da ya cije kuma kar a jefar, a mayar inda aka karɓo da kwalinsa saboda lambar rukunin da ke jiki, da ita ake gane ko shi kaɗai ne ko da 'yan'uwansa. Ni yanzu ba na bari in kai kan biro na ƙarshe kafin in karɓo wani. Da aka yi mun HbA1c, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na watannin baya, bayan wata uku ya fito kusan daidai da na kafin canjin, likita ya ce in ci gaba a kan yunit ɗina.