Mako na bakwai: sandar da ta ƙi shan kwana

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Akwatin wasan bidiyo na Pac-Man da nake haɗawa dai ya tsaya da ƙafafunsa. Kafinta ya gama yanka katakon, na shafa masa fenti ruwan ɗorawa, na kuma ɗaura tsohon allon kwamfuta a tsaye, domin haka na'urar Pac-Man ta asali take: ɗigo 224 a faɗi, 288 a tsawo. Wannan duk ya tafi lami lafiya.

Inda na sha wuya shi ne sandar tuƙi. Duk sanda zan sha kwana sai Pac-Man, ɗan halittar da nake tuƙawa yana cin ƙwayoyi a cikin lunguna, ya zarce ko ya tsaya cak, jar fatalwar nan Blinky ta cafke ni. Kwana uku ina zargin Raspberry Pi ɗina, 'yar ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da wasan. Na sake dalma a wayoyi, na canza kebul, shiru. Daren Laraba na kwance sandar, na kife ta a cinya, ina tura ta a hankali ina sauraro. Ƙananan makunnai huɗu ne a ƙasanta, kowanne da ƙarar "ƙas" tasa. Da na karkata ta kusurwa sai na ji ƙas biyu a tare. Ashe a fuska takwas aka saita ta, wasan kuwa huɗu kacal ya sani: sama, ƙasa, hagu, dama. Akwai farantin roba a gindinta mai rami murabba'i. Na ɓalle shi, na juya tsakiyarsa har ramin ya tsaya a kan kusurwarsa, na mayar. Yanzu hannu na zamewa daga dama zuwa sama kamar an shafa mai. Duk wanda zai sayi sanda a cikinku, ya duba farantin nan kafin ya biya.

Ina jiran fenti ya bushe ne na koma kan tarihin Namco, kamfanin Japan da ya ƙirƙiro Pac-Man, ya kuma ƙara mini ƙaunar aikin. Masaya Nakamura ya kafa kamfanin a 1955, jarinsa dawakan wasa biyu da yara ke hawa a rufin kantin Matsuya da ke Yokohama. Shi ke gyara su da hannunsa. A 1963 kantin Mitsukoshi ya ba shi rufinsa a Tokyo, kasuwa ta buɗe. Wasan bidiyo ya shigo ne a 1974, da ya sayi reshen Japan na Atari, kamfanin wasannin bidiyo na Amurka, reshen da ke fama da asara. Gee Bee ya fito a 1978, Galaxian a 1979, sannan Pac-Man na Toru Iwatani a 1980, wanda kamfanin Midway ya rarraba a Amurka. A 2005 Namco ya haɗe da kamfanin kayan wasan yara na Bandai, Nakamura kuma ya rasu a 2017 yana da shekara 91.

Ni a ganina, waɗancan shekaru na kan rufi su ne sirrin. Mutumin da ya daɗe yana kallon yaro ya jefa sulai ya hau doki ya san abin da jiki ke so. Iwatani ya nemi wasan da mata ma za su shiga, sai ga shi da sanda ɗaya tal, babu maɓallin harbi. Ƙanwata, da ba ta taɓa riƙe irin wannan ba, ta cinye ƙwayoyi 244 na zagayen farko a gwaji na huɗu.

Saura ramin jefa kuɗi, da fanka, domin cikin akwatin na ɗaukar zafi da rana. Wanda ya taɓa sa fanka ba tare da ƙura ta cika masa ciki ba, don Allah ya gaya mini ta wane gefe ya huda.