Darasin guguwa da aka hana ni koyarwa

Na ajiye aikin koyarwa a Houston, a jihar Texas ta Amurka, ƙarshen zangon da ya wuce. Ƙannenmu da suka shigo aikin daga baya sun yi ta tambayar abin da zan bar musu, shi ne na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Tsara darasi da cike fom, ko ba ku so za a koya muku. Maganata a kan mahaukaciyar guguwa ce, da abin da ya shiga tsakanina da wata shugabar sashe saboda ita.

Duk wanda ya riƙe aji takwas a kimiyya ya san abin da manhaja ke so: yaro ya iya bayyana yadda ɗumin ruwan teku ke haifar da guguwa, ya san sai ruwan ya kai wajen digiri 26 ko 27 kafin ta samu abin ci, ya zana idonta a tsakiya. Ina jin daɗin wannan ɓangaren, don nakan nuna musu a taswira cewa da yawa daga cikin guguwar da ke zuwa musu daga wajenmu take faro tafiya. Hadarin gabas da ke ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya a damina, jerinsa ne ke faɗawa teku ta wajen Senegal, wani ya mutu a hanya, wani ya girma har a raɗa masa suna. Jarrabawar jiha a nan take tsayawa. Ba ta tambayar yaro abin da zai yi in ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Yaran ajina kuwa 'ya'yan baƙi ne: Honduras, Biyetnam, Afganistan, Kongo, da namu na gida. Galibinsu a gidajen haya suke, hawa na ƙasa, kusa da rafukan da suka ratsa garin, waɗanda suka riga suka cika suka batse a Mayun 2015 da Afrilun 2016. Iyayen da yawa ba sa jin Turanci. Yaron ne ke karanta wasiƙar mai gida, shi ke magana da likita, in gargaɗi ya shigo waya shi za a miƙa wa. Lokacin guguwa kuma yana farawa ranar 1 ga Yuni, ya kai 30 ga Nuwamba, wato rabinsa na farko yara suna hutu. In ba ka gaya musu a watan Mayu ba, shi ke nan.

Saboda haka a Mayun 2017 na haɗa takarda shafi ɗaya, gefe guda da Turanci, ɗaya gefen na bar shi fili don kowane yaro ya rubuta da harshen gidansu, ya karanta wa iyayensa, su sa hannu. Abin da na fi nanatawa a ciki shi ne kada lambar matakin da ake ba guguwa ta ruɗe su. Ma'aunin nan na 1 zuwa 5 ƙarfin iska kawai yake aunawa, daga kilomita 119 a awa zuwa 252 da abin da ya fi. Bai ce komai a kan ruwa ba, alhali a Amurka ruwa ya fi iska kisa nesa ba kusa ba. Guguwar Ike ta 2008 mataki na 2 ce, amma tumbatsar teku da ta koro ta share gidaje a gaɓar Bolivar ta Texas. Na rubuta musu cewa sanarwar farko tana zuwa ne awa 48 kafin iska ta fara ƙarfi, gargaɗin ƙarshe awa 36. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Janareta a waje, nesa da taga, don iskarsa mai kisa ba ta da wari. Liƙa salatif a gilashin taga ɓata lokaci ne, ba ya hana shi fashewa. Sannan wanda ke gidan da ba bene, in ruwa ya kore shi kada ya shige cikin silin inda ba mafita, ya fito ya hau kan rufi.

Ranar da muke wannan aikin shugabar sashen ta shigo duba aji. Ta zauna a baya da kwamfutarta a cinya, ba ta ɗaga kai ba. Wani yaro yana gaban allo da ma'auni yana nuna santimita 30 a ƙaurinsa, aji yana dariya. Da aka tashi ta ce, “Malam, wannan yana cikin abin da za a tambaye su?” Na ce ba ya ciki. Ta ce to.

Rahoton da ya biyo baya abu uku ya ƙunsa: na kauce wa manhaja ana dab da jarrabawa, na firgita yara ba dalili, kuma akwai alamar ɗalibai ba sa gane lafazina. Na ukun shi ya fi ƙona min rai, don ba shi da alaƙa da guguwa, kuma sakamakon ajina na gabanta. Aka ce in karɓe takardun. Waɗanda ke cikin aji na karɓe. Waɗanda suka riga suka tafi gida kuwa, ban ga yadda zan bi su ba, ban kuma nemi hanya ba. Matsayin jagoran malaman aji da nake sa ran samu a shekarar aka ba wani.

Ranar 25 ga Agusta guguwar Harvey ta sauka kusa da garin Rockport a gaɓar Texas tana mataki na 4. Washegari ta yi rauni har ta sauka daga matsayin mahaukaciya, mutane da yawa suka ce abin ya wuce. Sai ta tsaya cik, tana ɗibar ruwa daga tekun Meziko tana juye mana, kwana da kwanaki. A Nederland, gabas da mu, an auna sama da milimita 1,500, abin da ya zarce ruwan daminar Kano guda da nisa. Mutum 68 ta kashe kai tsaye a Texas, kusan dukkansu ruwa ne ya ci su. Hukumomi da kansu suka riƙa shela cewa kada a shiga silin, a hau rufi.

Da muka koma a watan Satumba, ajin warin rima yake. Wata yarinya ta zo min da takardarta, ta jiƙe ta bushe ta kanannaɗe, tawadar gefen da ta rubuta da harshensu ta watse. Ta ce babanta ya so ya fita da mota cikin dare, ta karanta masa layin nan na mota, suka haura wajen maƙwabta a sama. Ban ce takardata ce ta cece su ba, kwana na gaba ne. Amma motar an same ta da safe ruwa har sitiyari.

Ba a daɗe ba aka kira taron iyaye, aka raba wata takarda mai tambarin makaranta, sunan shugabar sashe a ƙasa a matsayin wadda ta tsara. Layina ne bi da bi, har misalin Ike. Abu biyu ta canza. Ta cire gefen da yaro zai fassara, wanda shi ne dalilin takardar tun farko. Sannan ta ƙara layi guda nata: a liƙa salatif a tagogi. Aka tafa mata. Na je wurin shugaban makaranta, ya ce in kawo shaida. Umarnin da ta ba ni na karɓe takardun da baki ta faɗa, a bakin ƙofa, ba wanda ya ji.

Tun daga nan duk abin da na ƙirƙira sai na tura wa kaina da wani abokin aiki ta imel kafin ya shiga aji, duk umarnin baki kuma in mayar da shi a rubuce in ce “kamar yadda muka yi magana”. Ku ma ku yi haka, ko da shugabarku mai kirki ce.

Sauran ba su da tsawo. Kada ku cika ɗan gidan haya da zancen ɗaure rufi da ƙarfe da buga katako a taga, ba gidansu ba ne. Abin da ke hannunsa shi ne shigo da kujera da tukwanen fure daga baranda, kwashe shara daga bakin magudana, ɗaukar hoton kayan ɗaki, da sa fasfo da takardun zama cikin leda a wuri mai tudu. Iyaye su sani inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ta ambaliyar kuma yawanci sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Kada ku ce wa kowa ya gudu, a duba ko unguwarsu na cikin waɗanda ake kwashewa, don a gudun guguwar Rita na 2005 mutanen da suka mutu a kan hanya, cikin cunkoso da zafi, sun kai wajen 100. Guguwar Beryl ta Yulin 2024 mataki na 1 ce kawai, ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 ba wuta ana tsakiyar zafi, don haka na ƙara layin magani da kuɗin hannu da cajin waya.

Takardar da ke yawo a sashen har yanzu tata ce. In ta shigo hannunku, ku soke layin salatif, ku juya bayanta ku bar wa yaro ya rubuta. Ranar da na je miƙa makullai na tambaya ko an cire rahoton nan daga fayil ɗina, aka duba, aka ce yana nan.