Gishiri ne ya tsayar mini da ƙananan injinan

Har yanzu in na tuna makonnin da na ɓata ina zargin fitila, raina sosuwa yake yi.

Ƙwayoyin da nake aiki da su ƙananan injina ne masu yawo da kansu a ruwa domin tsaftace shi daga rini. Na sinadarin titaniyom dayoksaid ne, kowace ba ta wuce maikiromita 2 ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), an lulluɓe rabin jikinta da zinare. Hasken UV, wanda ido ba ya gani, da ke fitowa daga fitilar na dukan ɓangaren titaniyom sai elektaron su tsallaka ɓangaren zinare, caji ya bambanta a gefunan biyu, ƙwayar ta haifar wa kanta ɗan filin lantarki da ke tura ta gaba. Wannan aikin ne kuma yake samar da sinadaran da ke farfasa rini. A tataccen ruwan ɗakin gwaji komai ya tafi daidai. Suna ta kai da komowa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, shuɗin metilin, rinin da nake gwaji da shi, yana dusashewa, awon ƙarfin launinsa da nake yi yana sauka.

Sai na zuba su a ruwan da ya fito daga masana'antar rini. Cak suka tsaya. Ban da ɗan karkarwar nan da kowace ƙura take yi a ruwa, ko motsi babu. Na canza fitila, na sake shafa zinare, na haɗa sababbin ƙwayoyi tun daga farko, shiru. Ashe gishiri ne! Masu rini suna zuba gishiri mai yawa domin launi ya kama zare, kuma narkakken gishiri yana sa ruwa ya riƙa ɗaukar lantarki cikin sauƙi, filin da ƙwayar ta dogara da shi ya raunana ƙwarai. Da na barbaɗa ɗan gishiri kaɗan a tataccen ruwan, a gabana suka daina gudu, suka fara dunƙulewa suna nutsewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na'urar auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki tana nan kusa, aikin minti ɗaya. Don haka duk mai shirin wannan gwaji, ya fara auna ruwan da zai tsaftace kafin ya taɓa zinare. Ya kuma ajiye kwalba ɗaya a duhu, domin rini yana mannewa a jikin ƙwayoyin, launi ya ragu alhali ba a farfasa komai ba.

Rinin dai bai daina lalacewa gaba ɗaya ba, haske yana aikinsa. Amma injin da ba ya tafiya, da me ya fi garin titaniyom zalla da ake juyawa a kwalba? Akwai masu tafiya da ƙarfin kumfa, waɗanda gishiri bai cika damunsu ba, sai dai yawancinsu suna buƙatar a zuba musu haidurojin feroksaid, ni kuwa ba na son ƙara wani sinadari a ruwan da nake neman tsaftacewa. Yanzu duk sabuwar ƙwayar da na haɗa, a ruwan gishiri nake fara gwada ta.