Hajiya da muryar WhatsApp

Jiya na kai Hajiya asibiti a nan Kaduna, daga Tudun Wada muka fito tun da sassafe. Da aka auna jininta, ya haura 180. Likita ya tambaye ta maganinta, sai ta sunkuyar da kai. Ashe wata biyu ke nan da ta ajiye amlodipine, ƙwayar hawan jininta, wai wani ya turo murya a gurup ɗin 'yan uwa cewa yana lalata ƙoda, tafarnuwa da zuma sun isa.

Likita ya ce, "Mama, hawan jinin da aka bari shi ne ke cin ƙoda." Ta ce to. Na san wannan "to" ɗin nata.

A Keke Napep take ce mini mai muryar ya yi minti goma yana bayani da Hausa tiryan-tiryan, har da addu'a, shi kuwa likita kansa na kan takarda. Ban iya musa mata ba, ga layi har baranda, shi ma bawan Allah a gajiye yake.

Na tuna mata 2014, daren da aka tashe mu wanka da ruwan gishiri saboda Ebola. Ta yi dariya, ta ce ai ita har sha ta yi.

Yau da safe dai a gabana ta haɗiye ƙwayar.